Mutum Na Bakwai

A ƙofar barikin Catterick suka karɓe wayata,
suka kulle ta a akwati mai lamba sha tara,
suka rataya mini kati mai jan layi a wuya:
baƙuwa, ba ta motsi sai da ɗan rakiya.
Fensir aka bar mini, da littafi, da kunne.

Aikina in zauna gefen mutum in kama bakina.
Yana taɓa shafin da muka gina, ina kallon yatsunsa.
Nakan ce, ba kai ake jarrabawa ba,
shafin ne ke gaban alƙali.
Ba sa yarda.
Soja ya saba, in abu ya ƙi, laifin nasa ne.

Kofur ɗin nan, bari in ce da shi Tikaram,
ko da yake ba haka uwarsa ke kiransa ba,
daga ƙarƙashin motar sulke aka taso shi,
baƙin mai har gwiwar hannu.
Ƙusa yake nema, mai suna kamar lambar waya.
Maɓallin da muka yi mako uku muna gardamar launinsa,
ashe da safar hannu ba ya dannuwa.
Ya tuɓe safar da haƙori, ya danna, ya ba ni haƙuri.
Ni ya ba haƙuri!
Na rubuta: safa. Na ja layi biyu.

Bayan abincin rana, ruwa na bugun taga kamar mai bin bashi,
ta bakwai ta shigo.
Ba soja ba ce. Jakar takardu a cinya, shayi ya huce a hannu.
Fom ɗin fanshon iyali.
Shafi na ɗaya, na biyu, na uku, kamar mai saukowa daga bene.
Na huɗu ya tambaya:
Me ya sa ma'aikacin ya bar aiki?
Ritaya. Murabus. Sallama. Wani dalili daban.

Hannunta ya tsaya.
An koya mini ƙirga irin wannan shirun,
kada in taimaka, kada in nuna hanya.
Daƙiƙa arba'in da ɗaya.
Na ce, gaya mini abin da kike tunani.
Ta ce, bai bari ba.
Yana bakin aiki ranar.
Sai ta danna wani dalili daban,
ta tambaye ni ko ta ɓata mana gwajin.

A Glasgow muna da bango guda na ƙananan takardu ruwan ɗorawa,
kowace da ciwon wani, an cire sunan.
Alasdair ya gyara tabarau, ya ce, mutum nawa?
Na ce ɗaya cikin sha biyu.
Ya ce ɗaya ba hujja ba ce.
Kuma tsohuwar na'urar da ke riƙe da sunayen sojoji
dalili huɗu kawai ta sani,
ƙara na biyar sai kwamiti uku sun sa hannu.
Ba mugu ba ne, Alasdair. Kasafi ne a wuyansa.
Na ce to, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Na sa agogo a tebur,
na roƙe su mu yi shiru na arba'in da ɗaya.
A ashirin wani ya fara tari.
A talatin Alasdair ya sunkuyar da kai.

Sai a Fabrairu layin ya fito,
kalma biyar, ƙasan sallama:
Ya rasu a bakin aiki.
Maɓallin Tikaram har yau yana jiran kuɗi.

Ban gaya mata ba.
Doka ta ce bayan kwana casa'in a shafe lambar kowa,
na kuwa shafe da hannuna.
A rahoto, Mutum na Bakwai ce, shafi na sha huɗu.

Jirgin yamma yakan tsaya a Carlisle ba dalili.
Wani lokaci sai in kama kaina ina ƙirgawa.